Jirgi Ɗaya, Tuta Dabam: Tarihin da Ke Cikin Fentin Ƙananan Jiragen Yaƙi

A ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai wata sana'ar nishaɗi wadda manya da yara ke ɓata dare a kanta, watau harhaɗa ƙananan jiragen yaƙi na roba waɗanda ke kwaikwayon na gaskiya. Mutum zai sayo kwali cike da gutsattsarin roba, ya yanke su, ya goge, ya manne da gam, sa'an nan ya shafa fenti da ɗan siririn buroshi. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne 1:72, watau kowane inci ɗaya a jikin ƙaramin yana matsayin inci 72 a jikin babban. Jirgin Ingila mai suna Spitfire, wanda faɗin fikafikansa ya kai ƙafa 36 da inci 10, sai ya koma inci 6 da ɗan ɗoriya, abin da za a aza a tafin hannu.

To, a cikin masu wannan sana'a akwai waɗanda ba su gamsuwa da launin da kamfani ya zana a bayan kwali. Su abin da ke burge su shi ne su sa wa jirgi tambarin wata ƙasa wadda ba a san shi da ita ba, amma wadda ta taɓa mallakarsa da gaske. Mai karatu zai iya cewa wannan wasan yara ne. Ko kusa. Tambarin da ke jikin fiffike yana faɗin wanda ya sayar da jirgin, da wanda ya saya, da halin da duniya ke ciki a lokacin.

A dubi yaƙin Larabawa da Isra'ila na 1948. A wannan yaƙi rundunoni uku ne suka tashi da Spitfire: ta Masar, da ta Isra'ila, da ta Ingila wadda ke da sansani a yankin. Ranar 22 ga Mayu, 1948, jiragen Masar suka kai hari filin Ramat David suna zaton na Isra'ila ne, alhali kuwa sojan Ingila ne a ciki. Ranar 7 ga Janairu, 1949, jiragen Isra'ila suka harbo na Ingila. Wanda ya jera ƙananan Spitfire uku a kan tebur, kowanne da tambarinsa, ya taƙaita wa mai kallo rikicin da littafi zai ci shafuka kafin ya warware.

Abin da ya fi wannan ban mamaki shi ne jiragen yaƙin Isra'ila na farko. Sunansu Avia S-199, an ƙera su a Chekoslobakiya ta wancan zamani, amma ƙirarsu ta Messerschmitt ce, jirgin da rundunar Hitila ta yi alfahari da shi. Shekara uku kacal bayan faɗuwar Jamus, sai ga ƙirar nan ɗauke da tauraro mai tsini shida. Lallai duniya rawar 'yan mata ce.

Mu ma a nan gida muna da namu rabon a wannan tarihi. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, Ingila da Amurka ba su yarda su sayar wa Gwamnatin Tarayya jiragen yaƙi ba, sai Tarayyar Sobiyat ta kawo MiG-17, aka sauke su a Kano cikin watan Agusta na shekarar. Aka shafa musu da'irar kore da fari da kore, kuma matuƙa daga Masar na cikin waɗanda suka fara tuƙa su. A ɗaya ɓangaren kuwa, cikin Mayu 1969, wani Basuwidine mai suna Carl Gustaf von Rosen ya ɗaura rokoki a jikin ƙananan jiragen koyon tuƙi guda 5, ƙirar MFI-9, ya kai hari da su a madadin Biyafara. Yau masu harhaɗa jirage a ƙasashe masu nisa suna neman waɗannan tambura ruwa a jallo.

A nan gizo ke saƙa. Yawancin hotunan wancan zamani baƙi da fari ne, ba su bambanta kore da toka-toka sosai. Mai aiki da gaskiya dole ne ya gwada hoto da hoto, ya tabbatar da lambar jirgi da wurin da tambari ya zauna. In ya yi ƙiyasi ya kuskure, wani zai kwafa daga gare shi, har kuskuren ya shiga littafi ya zama kamar gaskiya.

Makanikai da masu fentin da suka taɓa waɗannan jirage da hannunsu a Kano da Kaduna da Makurɗi sun tsufa, kullum raguwa suke yi. Ɗalibin da ke da irin wannan dattijo a gida ko a unguwa, ya kamata ya zauna da shi da alƙalami da takarda, ya tambaye shi launi da lamba da shekara, ya kuma nemi tsofaffin hotunan da ke ajiye a adaka. In ba mu rubuta ba, baƙo ne zai zana mana launin jiragenmu yadda ya ga dama, mu kuwa mu karɓa domin ba mu da hujjar musu.