Tuƙin Jirgin Ƙasa A Kwamfuta: Shin Sabon Zubin Kowace Shekara Ya Ci Kuɗinsa?

Watan Satumba, wanda a wajenmu nan Jahun lokaci ne na yankan gero da jiran dawa ta nuna, a wajen wani kamfani da ke garin Chatham na ƙasar Ingila shi ma watan girbi ne. Sunan kamfanin Dovetail Games, sana'arsa kuwa ita ce ƙera wasannin kwamfuta waɗanda mutum zai zauna a ɗakinsa ya tuƙa jirgin ƙasa tamkar yana cikin kan jirgin. Daga shekarar 2022 zuwa 2025 kamfanin bai bar Satumba ko ɗaya ya wuce ba tare da ya fito da sabon zubi na wasansa mai suna Train Sim World ba: na 3 a 2022, na 4 a 2023, na 5 a 2024, sannan na 6 a 2025. Kowane zubi kuma da farashinsa, kowane zubi da tallarsa mai cewa wannan karon dai an zo da abin da ba a taɓa gani ba.

Mai karatu zai iya tambaya, to ina ruwan mutumin Jahun da wannan batu, garin da ko layin dogo bai ratsa ba? Tambaya ce mai kyau. Gaskiya ne wanda ke son ganin titin jirgi daga nan sai ya nausa Ringim ko Taura. Amma duk wanda ke lura da matasanmu ya san yadda gidajen gem suka zama majalisa, ya kuma san yadda mai gidan gem ke shiga tsaka mai wuya kowace shekara idan sabon wasan ƙwallo ya fito, yara su ce ba za su ƙara buga na bara ba. Yanzu kuma ɗalibanmu da ke karatu a Dutse da Kazaure da Kano suna dawowa gida da kwamfutocin tafi-da-gidanka, wasu da wasan tuƙin babbar mota, wasu da na jirgin sama, wasu kuma da na jirgin ƙasa. Ba su da yawa tukuna, amma hanyar da ake bi a tatsi aljihunsu guda ce, kuma kuɗin da ake tatsa sau da yawa daga rumbun mahaifi ya fito.

Bari in fara da wanke wasan kansa, domin ba na cikin masu cewa duk abin da yaro ya yi a gaban kwamfuta shashanci ne. Wannan wasa ba a harbi a cikinsa, ba a tsere, ba a caca. Ana ba ka kan jirgi da taragai, da jadawalin lokaci, a ce ka tashi daga tasha kaza ka isa tasha kaza a minti kaza. Kafin ma jirgin ya motsa sai ka kunna abubuwa bi da bi yadda direban gaske yake yi, ka jira iska ta cika bututun birki. Idan ka ɗauki jirgin kaya mai taragai barkatai a hanyar Sand Patch ta ƙasar Amurka, wadda da ita wasan ya fara fitowa a 2017, nan za ka gane cewa jirgi ba mota ba ne: ka taka birki yanzu, sai bayan wani lokaci taragon ƙarshe zai ji labari, kuma jirgi mai nauyi yana iya cin fiye da kilomita guda kafin ya tsaya cik. Wanda ya yi gaggawa a gangare, jirgi ya ƙwace masa. Wanda ya cika tsoro ya yawaita taka birki, iska ta ƙare masa a lokacin da ya fi bukatarta.

A hanyoyin Jamus akwai wata na'ura mai suna Sifa, wadda aikinta shi ne tabbatar da cewa direba bai yi barci ko ya suma ba. Kusan kowane daƙiƙa 30 sai ya ɗaga ƙafarsa daga wani mataki ya mayar, in ya manta ta yi masa gargaɗi, in ya ƙi ji ta tsayar da jirgin da kanta. A hanyoyin Ingila kuwa, idan kana dosar siginar da ba koriya ba, ƙara ce za ta tashi, kana da kimanin daƙiƙa biyu ka danna maɓallin amsawa, in ba haka ba birki ya kama. Yaron da ya yi wata guda yana fama da waɗannan ƙa'idoji ya koyi haƙuri da kiyaye lokaci da bin doka ko da babu mai kallonsa, abubuwan da, ba don kada a ce na yi tsegumi ba, da na ce wasu direbobinmu na hanyar Gujungu ranar kasuwa za su amfana da su matuƙa.

Saboda haka rigimata ba da wasan ba ce. Rigimata da lambar da ake liƙa masa ce kowace shekara.

Ba haka abin ya faro ba. A 2001 kamfanin Microsoft ya fitar da Microsoft Train Simulator da hanyoyi shida na ƙasashen Amurka da Ingila da Ostiriya da Japan. Saye ɗaya ake yi, shi ke nan, kuma har yau akwai masu amfani da kayan da aka ƙera dominsa. A 2009 aka fito da RailWorks, wanda daga baya ya koma Train Simulator, kuma shi ne tushen wannan kamfani na Dovetail. Shi ma yakan canja lamba kusan kowace shekara, amma wanda ya riga ya mallaki wasan kyauta ake sabunta masa gangar jikinsa. Sababbin hanyoyi da jirage ne kawai ake sayarwa, wanda ya so ya saya, wanda bai so ba ya bari. Ko da yake wannan tsarin ma ba na bayin Allah ba ne, domin wanda ya ce sai ya sayi dukkan hanyoyin da jiragen da aka yi wa wasan zai kashe dubban daloli, aƙalla dai mutum ya san abin da yake biya wa kuɗi.

To me ake samu a sabon zubin Train Sim World? Abu biyu ne. Na farko sababbin hanyoyi, galibi guda uku, ɗaya ta Ingila, ɗaya ta Amurka, ɗaya ta Jamus ko maƙwabciyarta Ostiriya. A zubi na 5, alal misali, an zo da hanyar Landan zuwa Milton Keynes, da ta Frankfurt zuwa Fulda, da ta San Bernardino a jihar Kalifoniya. Na biyu kuma 'yan gyare-gyare ne a jikin wasan. A na 3 an sa yanayi ya riƙa sauyawa kana cikin tafiya, hadari ya haɗu, ruwa ya sauko. A na 4 an ƙara hazo da damar ɗaukar hoto. A na 5 an ba mutum damar zama kwandasta mai duba tikiti da rufe ƙofa. A na 6 kuma aka sa jirgi ya riƙa samun 'yar tangarɗa ba zato, abin da mu a nan ba sai mun biya dala ba kafin mu ɗanɗana. Amma ginshiƙin manhajar da aka ɗora wasan a kai, wato Unreal Engine 4, shi ne dai tun 2017. Gidan nan ne dai, ana yi masa sabon yaɓe kowace kaka, ana kuma canja lambar ƙofa.

Masu kare wannan tsari sukan ce ai haka ake yi a wasan ƙwallo, kuma ba wanda ya mutu. Wannan kwatanci bai zauna ba. Mai gidan gem da ya sayi sabon wasan ƙwallo yana da hujja, domin duniyar ƙwallo da gaske ta canja: ɗan wasa ya bar wannan kulob ya koma wancan, wata ƙungiya ta faɗi, wata ta hau, riguna sun sauya, kuma yara ba za su yarda su buga da Messi a Barcelona ba alhali sun san ya bar ta tun 2021. Ko a can ɗin ma, kamfanin Konami ya taɓa jin kunya: PES 2021 bai kira shi sabon wasa ba, sabunta kakar wasa ya kira shi, ya sayar a farashi mai rahusa, daga bisani kuma ya mayar da wasan eFootball wanda ake saukewa kyauta. Shi kuwa layin dogo ba ya sayar da 'yan wasa. Hanyar Kano zuwa Nguru da aka kammala a 1930 tana nan inda Turawa suka shimfiɗa ta: Ringim, Taura, Gagarawa, Malam Madori, Birniwa, babu tashar da ta yi ƙaura. Haka hanyar Frankfurt zuwa Fulda take. Wanda ya sayi hanya bara, bana ba ta tsufa ba, kuma da wuya a sami wanda ya gama tuƙa dukkan zirga-zirgar da ke cikin jadawalin hanya guda ɗaya kafin shekara ta zagayo.

Sai batun kuɗi, wanda a nan ne gizo ke saƙa. Farashin ƙaramin kunshin sabon zubi a Amurka kimanin dala 50 ne, manyan kunshin kuma sun fi haka nesa ba kusa ba. Kafin watan Yunin 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460. A 2024 ta haura naira 1,500. Ke nan a waccan shekara dala 50 ta kai naira 75,000, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. Abin da Ba'amurke zai biya da ladan aikin 'yan awoyi, ƙaramin ma'aikacinmu sai ya haɗa da albashin wata ɗungurungum bai kai ba. Kuma ba a nan kashe kuɗin ya tsaya ba. Wasan da hanyoyinsa gigabait gommai ne, kuma duk sabon zubi sai an sake saukewa, da datar waya, a garin da sabis ke zuwa yana tafiya. Ga kwamfuta mai ƙarfi da wasan ke bukata, ga wuta, ga man janareta. Wani abin takaici kuma, sanannen abu ne a tsakanin masu buga wasan cewa sabon zubi yakan fito da kurakurai, sai an yi makonni ko watanni ana aiko da gyara, kowane gyara kuma data ce. Wanda ya yi rige-rigen saye a makon farko ya biya farashi mafi tsada domin kaya mafi ƙarancin nuna.

Adalci ya sa in faɗi abin da ke gefen kamfani. Ƙera hanya guda aiki ne na watanni: a auna ƙasa, a zana kowace gada da tasha, a naɗi ƙarar injin, a nemi izinin kamfanonin jiragen kafin a sa tambarinsu. Ma'aikata kuma ba iska suke ci ba. Haka nan hanyoyin da mutum ya saya a tsohon zubi suna bin sa zuwa sabo, ba sa ɓata. A 2024 ma kamfanin ya bayar da gangar jikin zubi na 5 kyauta na ɗan wani lokaci, ta yadda mai tsofaffin hanyoyi zai iya ƙaura da kayansa ba tare da biyan ko kwabo ba. Na yaba da wannan. Sai dai kyautar ita kanta ta tona asiri: idan kamfani zai iya bayar da sabuwar lambar a banza, ashe shi ma ya san ba lambar ce ke da daraja ba, hanyoyin ne.

Don haka ga hukuncina, ga ɗalibi da kuma mahaifin da za a zo wa da roƙo. A dubi hanyoyi ukun da aka zo da su. Idan akwai biyu da mutum ya tabbata zai tuƙa su wata da watanni, kunshin ya fi sayensu ɗai-ɗai sauƙi, sai a jira lokacin rangwame, wanda kasuwar Steam ke yi a tsakiyar shekara da ƙarshenta, a saya a lokacin. Idan guda ɗaya ce ta burge shi, ya jira ta ita kaɗai. Idan kuwa abin da ke jan sa shi ne kada a ce yana buga na bara, to ya riƙe kuɗinsa, babu abin da ya wuce shi. Wanda bai taɓa mallakar wasan ba shi ne kaɗai sabon zubi ke yi wa cikakkiyar rana, shi ma sau ɗaya. Mai waya kawai kuwa yana da irin su Indian Train Simulator da ake saukewa kyauta, in zai iya jure tallace-tallace, ko da yake tsakaninsu da wancan akwai tazara mai yawa.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya ma ba farashin ba ne. A duk waɗannan zubi shida babu hanyar Najeriya ko taƙi ɗaya. Yaronmu ya haddace tashoshin da ke tsakanin Landan da Milton Keynes, amma bai san cewa tashar Malam Madori ce ta riƙa kwashe gyaɗar ƙasar Haɗeja zuwa Kano ba. Ba kuma zan ɗora wa kamfanin Ingila laifi ba, inda kasuwarsa take can yake kallo. Indiyawa ba su jira kowa ba: da tsohon wasan nan na Microsoft da kuma Open Rails, manhajar da masu sha'awa suka rubuta suke rabawa kyauta, suka zana hanyoyin ƙasarsu da jiragensu da kansu. Open Rails ba ya bukatar kwamfuta mai tsada, ba ya kuma canja lamba domin a sake biya.

Mu ma muna da abin zanawa. A watan Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi wanda aka ba kamfanin Mota-Engil, ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, da reshe daga Kano zuwa Dutse. Wannan layi zai bukaci direbobi da masu kula da sigina, kuma a duniya da na'urar kwaikwayon tuƙi ake fara horar da direbobin jirgi kafin a damƙa masu rayukan jama'a. Akwai Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Daura, akwai Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya a Zariya, akwai Jami'ar Tarayya ta Dutse da cibiyar koyon kwamfuta ta Kazaure. Ina ganin babu abin da zai hana wani malami a ɗayan waɗannan wurare ya ba ɗalibansa na ajin ƙarshe aikin zana hanyar Kano zuwa Nguru, mai tsawon kimanin kilomita 230, ko da daga Kano zuwa Ringim ne a karon farko. Taswirar ƙasa tana nan kyauta a intanet, tashoshin suna tsaye ana iya zuwa a ɗauki hotonsu da waya, kuɗin zubi ɗaya kuma ya isa ya kai ɗalibai biyu ko uku Ringim da Taura su dawo. Abin da ba ya jira shi ne tsofaffin direbobin Reluwe da suka yi ritaya a Kano da Nguru, waɗanda suka san inda ake rage gudu, da inda ruwa ke cin hanya da damina, da inda shanu ke tsallakawa. Su ya kamata a fara zuwa wa da na'urar naɗar murya.