Kafin a Ɗaure Doki a Turke

Duk wanda ya taɓa maƙwabtaka da gidan da ake kiwon doki ya san ranar saye ba ita ce ranar wahala ba. Mutum zai zaɓo akawali mai sheƙi, a rako shi gida, yara na biye, maƙwabta na sam barka. Sai an ɗaure shi a turke lissafi ke farawa: harawa safe da yamma, ga dusa, ga gero, ga kanwa, ga yaron barga mai wanka da kwashe kashi. In bazara ta kawo jiki, damin harawar wake ya yi tsada, sai ka ga dokin da aka yi wa guɗa haƙarƙari duk a waje, daga ƙarshe a sayar da shi da asara.

Haka nake kallon matasanmu masu yawo da takardar samun gurbin digiri na biyu daga wata shahararriyar jami'a ta Ingila ko Amurka. Takardar nan dokin ce kawai. Wa zai ciyar?

A Ingila karatun shekara ɗaya ne, shi ya sa yake jan hankali, amma a manyan jami'o'i kuɗin makarantar ɗalibin waje kan haura fam dubu 20. Ga kuɗin biza, ga na kula da lafiya da ya koma fam 776 a shekara tun Fabrairun 2024, ga hayar ɗaki. Mai cewa zai yi aiki ya biya ya tuna awa 20 kacal doka ta yarje masa a mako yayin da ake karatu. Sannan ga naira. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Uban da ya sayar da fili ya ware kuɗin shekara cif, sai ya wayi gari abin da ke hannunsa bai kai rabi ba. A 2024 ɗin ne aka dakatar da wasu ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside saboda sun kasa cika kuɗi a kan lokaci, har aka umarci wasunsu su bar ƙasar. Yaran nan ba malalata ba ne, bazara ce ta riske su.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗan rangwamen da ake kira tallafi. Jami'a ta rage maka kashi goma cikin ɗari, dangi su ɗauka an gama magana. Wannan kyautar sirdi ce. Sirdi abin so ne, amma ba ya cika cikin doki.

Cikakken tallafi daban yake. Chevening, da gwamnatin Birtaniya ta fara a 1983, tana biyan kuɗin makaranta da na jirgi da na kashewa duk wata, bisa sharaɗin ka yi aiki na shekara biyu kafin nema, kuma ka koma ƙasarka ka yi shekara biyu bayan kammalawa. Erasmus Mundus ta Tarayyar Turai na ba da yuro 1,400 a wata. A Amurka, musamman fannonin kimiyya da injiniyanci, sashe kan ɗauki ɗalibi ya taya malami koyarwa ko bincike, a yafe masa kuɗin makaranta, a kuma riƙa ba shi na abinci. Yawancin jami'o'in gwamnati na Jamus ba sa karɓar kuɗin karatu, sai dai kafin biza za a nemi ka nuna kuɗin zama na shekara, wanda ya kai yuro 11,904 a 2024. Wanda kuma gwamnatin gida za ta ɗauki nauyinsa, ya tambayi waɗanda suka riga shi tafiya ko alawus na zuwa a kan kari. Hukumar TETFund ma ta dakatar da tura malaman manyan makarantu karatu waje daga farkon 2025, saboda tsada da kuma masu ƙin dawowa.

Ba na raina suna. Mai niyyar zarcewa digiri na uku, ko neman aiki a hukumomin duniya, sunan makarantarsa kan buɗe masa ƙofa. Amma a duba sunan wa ake saye, na jami'a ko na sashe? Mai son harkar noma, Wageningen ta ƙasar Holan ta fi masa wasu jami'o'in da kowa ya haddace sunansu. Mai son cututtukan ƙasashe masu zafi yana da makarantar Liverpool da aka kafa a 1898. Injiniyan man fetur ya san darajar Heriot-Watt ta Sikotilan, ko da ƙannen babansa ba su taɓa jin ta ba. Malamin da zai duba bincikenka, ya rubuta maka takardar shaida, shi zai yi maka rana.

A ganina, in an ɗora babbar jami'a babu tallafi a gefe guda, matsakaiciya mai sashe nagari da cikakken tallafi a ɗaya gefen, ta biyun ce zaɓi, sai fa in gidanku na iya biyan ta farkon ba tare da an sayar da gona ko an ci bashi ba. In kuwa zuciya ta kafe a kan babbar, jami'o'i da dama kan yarda a ɗage gurbi zuwa baɗi in an rubuta musu. Kafin nan sai a nemi cikakken tallafi: Chevening kan buɗe nema wajen watan Agusta, kuma tana barin mutum ya zaɓi kwasa-kwasai uku, ko da a jami'o'i daban-daban ne.