Dalilin Tsaurin Ƙa'idojin Wasan Kammala Digirin Kiɗa

A jami'o'in Amurka da dama, ɗalibin kiɗa ba ya samun digiri sai ya gabatar da wasansa a bainar jama'a: kimanin minti 30 a shekara ta uku, kusan awa guda a ta ƙarshe. Makonni kafin ranar, kwamitin malamai kan saurare shi; in shirin bai nuna ba, a ɗage wasan. Masu piyano da mawaƙa galibi da ka suke yi, mawaƙan kuma da harsuna irin su Italiyanci da Jamusanci. Wasu na ganin tsaurin yana jefa ɗalibi cikin fargaba. Haka ne, amma gara yatsu su yi rawa a gaban malamai kaɗan, lokacin da gyara ke yiwuwa, da su yi a cikakken zaure. Ɗalibin ne ƙa'idar take karewa.