Illar Jinkirin Saƙo a Kan Iska

Duk wanda ya san unguwar Giginyu ta Kano da maƙwabtanta, tun daga Badawa har Nasarawa, ya san yadda mai POS yakan ɗaga na'urarsa sama yana dakon kuɗi su wuce, alhali alamar sabis a cike take. Kuma galibin jama'a ƙarfen sabis suke ɗora wa alhaki, ba tare da sanin cewa wani sashe na illar yana cikin ƙa'idar da ke ɗaukar saƙon ba.

Wannan ƙa'ida, wadda ake kira TCP, Vint Cerf da Bob Kahn ne suka aza harsashinta a Amurka a 1974, kuma aikinta shi ne ta rarraba saƙo ƙunshi-ƙunshi, ta sa wa kowanne lamba, ta jira shaidar isarsa, ta maimaita wanda ya salwanta. Bayan cunkoson da ya durƙusar da intanet a 1986, sai Van Jacobson ya ƙara mata wani hukunci: muddin ƙunshi ya ɓace, a ƙaddara hanya ta cika, a rage gudu da rabi. Ƙiyasin nan ya inganta a kan waya, inda da wuya abu ya salwanta sai da cunkoso. Amma a kan iska, inda kaurin katanga, ko nisan ƙarfe, ko sauyawar mai tafiya daga wannan ƙarfe zuwa wancan kan lalata ƙunshi, sai ƙa'idar ta yanke hukunci bisa zato, ta ja da baya alhali hanya a buɗe take. Nisa kuma yana tsananta lamarin, domin wayoyin ƙarƙashin teku, irin su MainOne da Equiano, a Legas suka sauka, nesa da Kano, kuma gwargwadon tsawon zuwa da komowa, gwargwadon jinkirin farfaɗowa.

Masana ba su yi sakaci ba. A tsarin 4G, da 5G wanda ya iso Kano a 2022, ƙarfen da kansa yake maimaita abin da ya lalace cikin ƙiftawar ido. Google ya fito da tsarin BBR a 2016, wanda ke auna haƙiƙanin faɗin hanya maimakon dogaro da zato. Aka kuma tabbatar da ƙa'idar QUIC a 2021, wadda ba ta yanke hulɗa don mutum ya sauya hanya.

Sai dai waɗannan hikimomi ba da unguwanninmu aka auna su ba, don haka wajibi ne ɗalibanmu na Jami'ar Bayero su jarraba su a lungunanmu, su bayyana wa kamfanoni da hukumar sadarwa ta NCC abin da ya dace da mu, bisa hujja.