Ba Duk Ɗan Isra'ila Ne Ke Magana da Yawun Gwamnatinsa Ba

Akwai maganar da ta zauna daram a bakin mutanenmu, a majalisa da tasha da shafukan sada zumunta: wai mutanen Isra'ila duk Yahudawa ne, bakinsu ɗaya, kuma duk abin da gwamnatinsu ta aikata da yawun kowannensu ta aikata. Masu faɗin haka ba mugunta ce ta sa su ba. Zafin abin da ke faruwa a Gaza ne, da mamayar Yammacin Kogin Jordan tun 1967, kuma wannan zafi ina tarayya da su a cikinsa. Sai dai ina roƙon 'yan'uwa su saurare ni, domin maganar ba haka take ba.

Wanda ya je ziyarar ɗan'uwa a can, ya kwana a gida, ya shiga motar haya, ya yi cefane, abin da zai fara lura da shi shi ne yawan Larabcin da ke shiga kunnensa. Kusan mutum ɗaya cikin biyar na 'yan ƙasar Balarabe ne, wato wajen mutum miliyan biyu. Mafi yawansu Musulmi ne, sai Kirista da Duruz. Nazarat garin Larabawa ne, haka Ummul Faham, haka Rahat ta Badawiyyawa a hamadar Negev. A Haifa da Akka da Yafa, Bayahude da Balarabe suna layi ɗaya a wurin mai burodi. Idan ciwo ya kai baƙo asibiti, ba abin mamaki ba ne likitan da zai duba shi ko wanda zai ba shi magani ya kasance Muhammad ko Maryam. A 2021 jam'iyyar Mansur Abbas, mai tushe a harkar Musulunci, ta shiga ƙawancen da ya kafa gwamnati. A 2022 aka naɗa Khalid Kabub, Musulmi, alƙali a Kotun Ƙoli.

Su kansu Yahudawan ba daga tsatso ɗaya suka fito ba. Akwai waɗanda kakanninsu suka taso daga Maroko da Iraƙi da Yaman, har yau girkinsu da kiɗansu na can ne. Akwai baƙaƙen fata 'yan Habasha, waɗanda a 1991 kaɗai aka kwaso fiye da 14,000 daga Addis Ababa cikin kwana biyu, kuma sun sha fitowa zanga-zanga kan wariyar launin fata. Akwai kusan miliyan guda da suka zo daga tsohuwar Tarayyar Sobiyet. Da yammacin Juma'a, idan Asabar ɗinsu ta kama, unguwar Mea She'arim ta masu tsananin riƙo da addini a Ƙudus takan yi tsit, ba mota ba ciniki, alhali bakin tekun Tel Aviv na cike da waɗanda ko a jikinsu. Waɗannan ɓangarori biyu sun shafe shekaru suna jayayya kan shigar ɗaliban addini aikin soja.

A siyasa ma rabuwar a fili take. Bayahude ne ya harbe Firaminista Yitzhak Rabin ranar 4 ga Nuwamba 1995 saboda ya yi sulhu da Yasir Arafat. A 2023 dubban ɗaruruwa sun yi ta cika tituna mako bayan mako suna adawa da shirin gwamnatin Netanyahu na rage ƙarfin kotuna. Ƙungiyar B'Tselem, wadda 'yan Isra'ila suka kafa a 1989, tana cikin waɗanda suka fi tattara shaidun cin zarafin Falasɗinawa. Tsofaffin sojoji sun kafa Breaking the Silence a 2004 don su faɗi abin da suka gani a Hebron. Gideon Levy ya shafe shekaru yana rubutu a jaridar Haaretz kan wahalar Falasɗinawa.

Mai ƙalubalantata zai ce waɗannan ba su ne masu rinjaye ba. Gaskiya ne, kuma ba zan ɓoye ba. Haka nan Larabawan ƙasar sun zauna ƙarƙashin dokar soja har 1966, wata doka a 2018 ta sauke Larabci daga matsayin harshen hukuma, kuma wanda ya tsaya a Haifa bai ga shingen bincike na Ƙalandiya ba, balle Gaza. Zaman lafiyar kasuwa ba ya wanke zaluncin hukuma. To amma zaluncin hukuma shi ma ba ya mai da kowane mai sayar da tumatir azzalumi.

Wake ɗaya, in ji Bahaushe, shi ke ɓata gari. Mu ne ya kamata mu fi kowa gudun wannan hukunci, domin mun ɗanɗana shi lokacin da duniya ta riƙa kallon kowane ɗan Arewa da idon Boko Haram, alhali mu ne muka fi kowa binne gawa.

Goyon bayan Falasɗinawa ba ya buƙatar ƙarya ko kuɗin goro. Yana buƙatar a ambaci mai laifi da sunansa: wace gwamnati, wace doka, wane minista, wane ɗan kama-wuri-zauna. Idan muka haɗa kowa a buhu ɗaya, mun zalunci Musulmin Ummul Faham, mun zalunci Bayahuden da ke shan zagi a garinsu saboda kare Bafalasɗine, sannan mun sauƙaƙa wa mai laifin ya ɓuya a cikin jama'a. Addininmu ya wajabta mana adalci har ga wanda muke fushi da shi, kuma adalci yana farawa da sanin wanda ake magana a kansa.