Jibin Ubangiji: Mene ne Muke Yi a Teburin Nan?

A ikkilisiyoyinmu da yawa, ranar Lahadin da za a ci Jibin Ubangiji, da zarar an gama wa'azi an sallami waɗanda ba za su ci ba, sai ka ga kujeru da dama sun zama wofi. Cikin masu fita akwai waɗanda ba a yi musu baftisma ba tukuna, akwai kuma waɗanda ke ƙarƙashin horo. Wannan an san da shi. Amma akwai masu bi da baftismarsu, ba wani laifi a kansu, waɗanda sukan sulale su tafi gida. In ka tambaye su, sai su ce ba su cancanta ba, suna tsoron ciwo ko mutuwa. Akwai kuma masu zuwa teburin kamar wurin karɓar magani, suna ganin gutsuren gurasar zai tsare su daga mayu da hatsarin mota. Dukansu biyu suna bukatar su sake duba abin da Littafi Mai Tsarki ya koyar.

Kalmar jibi ma'anarta abinci. Yesu bai ƙago wannan abinci haka kawai ba, ya kafa shi ne a kan Idin Ƙetarewa. A Fitowa 12 an umarci kowane gida na Isra'ila ya yanka ɗan rago marar lahani, a shafa jininsa a madogaran ƙofa, a ci naman da gurasa marar yisti da ganyaye masu ɗaci. A daren nan hukunci ya ƙetare gidajen da ke da jini, aka kuma fitar da su daga bautar Masar. Kowace shekara sukan maimaita cin, yara su yi tambaya, iyaye su ba da labari. A kan teburin wannan idi ne, a daren da aka bashe shi, Yesu ya ɗauki gurasa ya yi godiya, ya gutsuttsura, ya ce jikinsa ne da za a bayar dominsu. Ya ɗauki ƙoƙo kuma ya ce sabon alkawari ne da za a tabbatar da jininsa. Almajiran Yahudawa ne, sun san Musa ya yayyafa wa jama'a jini lokacin da aka ƙulla alkawarin farko a Fitowa 24, sun kuma san Irmiya 31 ya yi annabcin wani sabon alkawari inda Allah zai gafarta zunubi, ba zai ƙara tunawa da shi ba. Labarin yana Matiyu 26, Markus 14 da Luka 22. Mafi daɗewa a rubuce shi ne na 1 Korantiyawa 11, wanda Bulus ya rubuto daga Afisa wajen shekara ta 55.

Yesu ya ce a riƙa yin haka don tunawa da shi. Wannan ba irin tunawar da muke yi wa mahaifin da ya rasu ba ce, domin mai teburin yana da rai, shi ne kuma yake gayyatarmu. Bulus ya ƙara da cewa duk lokacin da muka ci muka sha, shelar mutuwar Ubangiji muke yi har ya dawo. Wato Jibi wa'azi ne da dukan jama'a ke yi tare. Tsohuwar da ba ta iya karatu ba, in ta miƙa hannu ta karɓi gurasa, ta shaida cewa Almasihu ya mutu dominta, tana kuma jiran komowarsa. Ba sabuwar hadaya ake miƙawa ba. Ibraniyawa 10 ya nuna hadayar Almasihu sau ɗaya tak aka yi ta, ta kuwa isa.

Ta yaya Almasihu yake tare da mu a teburin? Nan ne Kirista suka sha bamban. Ikkilisiyar Katolika tana koyar da cewa ainihin gurasar da ruwan inabin sukan juya su zama jiki da jinin Almasihu, ko da yake kama da ɗanɗano ba su sake ba. Babban taron Lateran na 1215 ya tabbatar da wannan koyarwa. A 1529 Martin Luther da Ulrich Zwingli suka zauna a Marburg ta ƙasar Jamus don su haɗa kan masu gyaran ikkilisiya. Sun yarda da juna a kan batutuwa 14 cikin 15, na Jibi ne ya raba su. Luther ya tsaya a kan cewa jikin Almasihu yana nan tare da gurasar, Zwingli kuwa ya ce gurasar alama ce ta tunawa. John Calvin ya koyar da cewa gurasa tana nan gurasa, amma ta wurin Ruhu Mai Tsarki mai bi yakan ci daga Almasihu da gaske ta bangaskiya. A ganina, mu masu bishara muna da gaskiya da muke cewa gurasar ba ta juyawa, amma mukan yi sakaci in muka ce "alama ce kawai" kamar ba abin da ke faruwa. A 1 Korantiyawa 10:16 Bulus ya kira cin nan tarayya da jiki da jinin Almasihu. Zoben aure ma alama ne, amma ba wanda zai ce wa matarsa ƙarfe ne kawai.

Yanzu ga wurin da yake tsorata mutane, wato 1 Korantiyawa 11:27-30. Sai mu fara da ganin abin da ke faruwa a Koranti. A lokacin ba ginin majami'a, a gidajen masu hali ake taruwa, Jibi kuma cikin cikakken abinci ake cinsa. Masu kuɗi sukan iso da wuri da abincinsu, su ci su ƙoshi, har waɗansu su bugu. Bayi da 'yan ƙwadago, waɗanda sai sun gama aikin iyayengijinsu, sukan tarar an share kwanuka. Bulus ya ce musu wannan ba Jibin Ubangiji ba ne sam, raina ikkilisiyar Allah ne da kunyata marasa shi. Maganin da ya ba su a aya 33 shi ne su jira juna.

Saboda haka rashin cancantar da Bulus ya yi magana a kai ya shafi yadda ake ci ne. Bai ce sai wanda ba shi da zunubi zai zo ba. Da haka ne, da fasto da dattawa ne za su fara fita. Waɗanda Yesu ya miƙa wa gurasa a daren nan, Bitrus ya yi musun saninsa kafin gari ya waye, sauran kuma suka gudu, shi kuwa ya san haka tun kafin ya ba su. Bulus ya ce mutum ya auna kansa, sa'an nan ya ci. Manufar aunawar ita ce a tuba a zo. Wanda zunubinsa ya dame shi, ya furta shi ga Allah, yana so ya rabu da shi, teburin nan nasa ne.

Gargaɗin yana kan wani dabam. Mu mun san nauyin cin abinci a kwano ɗaya. Wanda kuka sa hannu tare da shi, akwai amana tsakaninku, shi ya sa abin da Yahuza ya yi ya fi ciwo. Bulus ya ce da yake gurasar ɗaya ce, mu ma da muke da yawa jiki ɗaya ne. To, mutumin da ya hana gwauruwar ɗan'uwansa gonar marayu, ya zo ya zauna layi ɗaya da ita ya karɓi ƙoƙo, me yake shelarsa? Haka mai riƙe kuɗin ma'aikacinsa wata da watanni alhali yana da shi, da wanda ba ya gaisawa da wani memba saboda ƙabila ko zaɓen dattawa da ya wuce. Waɗannan su ne 'yan Koranti na yau, sau da yawa kuma ba su ne ke fita ba. Matiyu 5:23-24 yana magana ne a kan baiko a bagade, amma ƙa'idar ta dace a nan: a je a shirya da ɗan'uwa tukuna. Dalilin da ya sa ake sanar da ranar Jibi tun da wuri ke nan, don a sami lokacin zuwa gidan wanda aka ɓata da shi.

Horo ma a nan ya kamata a fahimce shi. In dattawa suka dakatar da mutum daga Jibi, manufar ita ce ya tuba a maido shi. Horon da aka manta da mai shi shekara da shekaru, ba mai ziyartarsa, ya rasa dalilinsa.

Sau nawa za a ci, da me za a zuba a ƙoƙo, ba su kai a yi faɗa ba. Ayyukan Manzanni 20:7 ya nuna masu bi a Taruwasa sun taru ranar farko ta mako don gutsuttsura gurasa. Calvin ya so a ci kowane mako, hukumar birnin Geneva ta tsayar da sau huɗu a shekara. Ruwan inabi marar sa maye da ikkilisiyoyi da yawa ke amfani da shi ya yaɗu ne bayan 1869, lokacin da Thomas Welch, wani ɗan Methodist a Amurka, ya sami hanyar hana shi tsami. 'Yan'uwanmu na EYN har yau sukan haɗa Jibi da wankin ƙafafu da cin abinci tare, bisa ga Yahaya 13.

Abin da nake so dattawa su ƙara kula da shi shi ne waɗanda ba su iya zuwa. Justin Mai Shahada, wanda ya bayyana sujadar Kirista a Roma wajen shekara ta 150, ya ce bayan an ci, dikinoni sukan kai wa waɗanda ba su samu halarta ba. A kowace ikkilisiya akwai tsofaffi da marasa lafiya da suka daɗe ba su ga teburin ba. Kafin Jibi mai zuwa, a rubuta sunayensu, fasto ya ɗauki dattijo ɗaya ko biyu da 'yan zumuntar mata, a kai musu har ɗaki a ci tare da su.