Ƙananan Rance da Talauci: Ina Gaskiya, Ina Ƙarin Gishiri?

Ana yawan cewa da zarar an ranta wa mace ɗan jari, ta yi ban kwana da talauci. Wasu kuma sun rantse cewa harkar duk tarko ce. Kowane ɓangare ya ƙara gishiri.

Tushen labarin gaskiya ne. A 1976 Muhammad Yunus, malamin tattalin arziki a Jami'ar Chittagong ta Bangaladash, ya ciro dala 27 daga aljihunsa ya ranta wa mutum 42 a ƙauyen Jobra, cikinsu har da mata masu saƙa kujerun gora da masu ba da bashi ke cinye wa gumi. Daga nan aka kafa bankin Grameen a 1983, kuma a 2006 shi da bankin suka samu kyautar Nobel ta zaman lafiya. Cewa talaka na biyan bashi, wannan ma haka yake.

Sai dai biya daban, samu daban. Mace kan ja akuyarta kasuwa don ta cika kuɗin mako; littafin banki ya nuna ta biya, turkenta kuwa ya zama wayam. Bincike shida da aka wallafa a 2015, daga Indiya, Habasha, Maroko, Meksiko, Mongoliya da Bosniya, sun nuna rancen bai ɗaga kuɗin shigar yawancin gidaje a zo a gani ba. A Indiya, masu sana'a tun fil azal ne suka fi cin moriya. Amma binciken bai gano cewa rancen na durƙusar da yawancin masu karɓa ba, don haka masu cewa duk tarko ne ma sun zarce.

Batun cewa babu kuɗin ruwa kuwa ƙarya ce. Grameen na karɓa. Kuma a 2010 matsin masu ba da bashi ya yi tsanani a jihar Andhra Pradesh ta Indiya har gwamnati ta taka musu birki.

Ni dai na fi natsuwa da tsarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a yankin Maraɗi a 1991: mata su zuba nasu duk mako, su ranta wa juna, ƙarshen zango su raba.

'Yar'uwa, kafin ki dangwala hannu a takarda, ki tambayi jimillar abin da za ki biya, da abin da zai faru ranar da ciniki ya ƙi.